Tambaya: zan buɗe ramin jar ƙasa a gefen Zariya, wace takarda ake bukata, kuma wa zai gyara ramin?

Mai Tifa Biyu, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar ma'adinai da kuma waɗanda suka daɗe a harkar yashi da jar ƙasa a nan Zariya. Shekara tara ke nan ina sana'ar tifa, ina saro yashi daga bakin Galma da jar ƙasa daga ramukan wasu, ina kai wa magina da masu buga bulo a Samaru, Palladan da Hanwa. Bana wani dattijo mai gona a kan hanyar Soba ya yi mini tayin hekta ɗaya daga cikin gonarsa, wadda ta zama fako ba ta ba da amfanin kirki, amma da muka sa diga muka tarar da burji mai kyau a ƙarƙashi, irin wanda masu ciko da masu aikin hanya suke nema. Muka yi ciniki a kan shekara uku, aka rubuta takarda, mai unguwa da dagaci suka sa hannu a matsayin shaidu, ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare.

Sai wani ɗan'uwana da ke aiki da masu gina hanya ya ce mini wannan takarda ba lasisi ba ce, kuma akwai wasu kuɗi da doka ta ce mai rami ya ajiye domin gyaran wurin idan ya gama. Shin da gaske ne ƙaramin rami irin nawa ma sai da izinin Abuja? Kuɗin ajiyar nan nawa ne, a hannun wa ake ajiye su, kuma ana mayar wa mutum da su? Akwai kuma abin da ya fi damuna. Ranar da muka sa hannu, dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, sharaɗina ɗaya ne, ka mayar mini da gonata yadda jikokina za su iya shuka a cikinta." Na ce masa to, Baba, da yardar Allah. Amma a kan hanyar komawa gida na gane cewa ban san yadda ake cika wannan alkawari ba.

Injiniyan Ma'adinai, Kaduna

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗan'uwanka ya faɗa maka gaskiya, kuma ka yi dace da ka ji ta tun kafin ka sa katafila a wurin.

Tushen maganar shi ne doka ta raba tsakanin fili da abin da ke cikin ƙasa. Fili yana ƙarƙashin Dokar Mallakar Filaye ta 1978, wadda ta danƙa shi amana a hannun gwamnan jiha, shi ya sa takardun fili a jiharmu suke bi ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna. Ma'adinai kuwa, sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 da sashe na farko na Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka su gaba ɗaya ga Gwamnatin Tarayya. Inda mutanenmu suke yin kuskure shi ne, da an ce ma'adinai sai tunaninsu ya tafi ga zinariyar Birnin Gwari ko kuzar Jos, alhali dokar 2007 ta ambaci yashi, tsakuwa, dutse da marmara a jerin abubuwan da sai da lasisi ake haƙarsu. Saboda haka mai gona yana da ikon ba ka izinin shiga gonarsa, amma ba shi da ikon ba ka izinin sayar da burjin da ke ƙarƙashinta, haka nan dagaci da hakimi.

Kada ka yar da takardarku, domin tana da amfani. Yardar mai fili a rubuce tana cikin abubuwan da ake nema wajen neman lasisi, kuma mai fili yana da haƙƙin kuɗin haya da diyyar amfanin gona ko itatuwan da aka lalata. Lasisin kansa Ofishin Rajistar Ma'adinai na Tarayya ne ke bayarwa, wanda hedikwatarsa take Abuja, yana da ofishin shiyya a Kaduna, kuma tun 2022 ana shigar da buƙata ta intanet. Wanda ya dace da aikinka shi ne lasisin haƙar kayan gini, mai wa'adin shekara 5 da ake sabuntawa, wanda filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 5. Akwai kuma lasisin ƙananan masu haƙa, wanda bai wuce murabba'in kilomita 3 ba. Mutum ɗan ƙasa, ko kamfani mai rajista, ko ƙungiyar haɗin kai ta masu haƙa, duk suna iya nema.

Abu na farko da zan so ka yi, tun kafin ka kashe ko kwabo, shi ne ka sa safiyo ya ɗauki lambobin taswirar wurin a duba ko wani bai riga ya riƙe lasisi a kansa ba. Ofishin yana bin ƙa'idar wanda ya riga nema shi ake ba, kuma yakan faru a ce gona tana cikin filin lasisin wani kamfani alhali mai gonar da dagacinsa ba su taɓa jin labari ba.

Bayan lasisi akwai sharuɗɗan muhalli, kuma a nan tambayarka ta biyu take. Dokar ta ce kafin a fara haƙa, mai lasisi ya kawo rahoton nazarin tasirin aikin a kan muhalli wanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi, bisa dokar nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992, sannan ya kawo shirin kare muhalli da gyaran wuri ga sashen kula da muhalli na Ma'aikatar Ma'adinai. A cikin wannan shiri ne za ka bayyana yadda za ka bar wurin, da abin da gyaran zai ci, da lokacin da za ka yi kowane mataki. Sashe na 121 na dokar 2007 ya tanadi asusun kare muhalli da gyaran wuraren haƙa domin ya zama lamuni, kuma abin da mai lasisi zai zuba a ciki yana bin adadin da aka amince da shi a shirinsa. Don haka babu farashi ɗaya da zan faɗa maka, girman ramin, zurfinsa da irin gyaran da ka yi alkawari su ne ke yanke kuɗin. Akwai kuma yarjejeniyar ci gaban al'umma a sashe na 116, da kason gwamnati da ake biya gwargwadon abin da aka ɗiba. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idojin 2013 a kan fasa dutse da amfani da nakiya, amma tun da ba nakiya za ka sa ba, ba zan tsawaita a nan ba. Ka kuma leƙa KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, domin su ne za su fara zuwa idan maƙwabta suka kai ƙara.

Hukuncin haƙa ba lasisi a dokar 2007 tara ce da ba ta gaza naira miliyan 20 ba da ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, kuma tun Maris na 2024 akwai dakaru na musamman daga jami'an Sibil Difens da aka ware domin kama masu haƙa ba izini.

Tsohon Mai Rami, Dakace

Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, duk abin da ka faɗa haka yake a takarda. Amma ni da na yi shekaru a cikin ƙurar nan ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ina so a faɗe shi a fili domin Alhaji ya shiga da idonsa a buɗe.

Wannan doka an ɗinka ta ne daidai jikin manyan kamfanoni. Mai hekta ɗaya da tifa biyu, idan ya biya safiyo, ya biya ƙwararren da zai rubuta masa rahoton muhalli, ya biya kuɗin nema da kuɗin shekara waɗanda aka ƙara a 2024, ya yi zirga-zirgar Kaduna da Abuja, sannan aka ce ya ajiye kuɗin gyara, to jarinsa ya ƙare bai loda tifa ko ɗaya ba. A gefensa kuma ga wani yana haƙa ba takarda ko guda, yana sayarwa da araha, magini kuwa farashi yake tambaya, ba ya tambayar lasisi. Ga masu karɓar haraji a hanya, na ƙaramar hukuma daban, na jiha daban, na ƙungiya daban, kowa da rasit ɗinsa, kuma yawancin direbobi sun ɗauka wannan rasit shi ne izini. Wannan ne ya sa mafi yawan ƙananan ramukan da na sani ba su da lasisi, ba don duk masu su mutanen banza ba ne.

Ban ce ka ƙi bin doka ba, Alhaji, domin ni kaina na ga ranar da aka zo aka tsare katafilar da na yi haya, ta kwana goma sha ɗaya a tsaye ina biyan mai ita kullum. Shawarata ita ce kada ka yi kai kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma masu tifa, ku yi rajistar ƙungiyar haɗin kai, ku nemi lasisi ɗaya da zai rufe filayen da ke kusa da juna, ku raba kuɗin safiyo da na rahoto. Ma'aikatar Ma'adinai tana da sashe na musamman na ƙananan masu haƙa, kuma ta fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya. Wahalar ita ce amana, domin lasisin ƙungiya laifin mutum ɗaya yana iya jawo wa kowa, saboda haka ka zaɓi waɗanda ka san halinsu a kan kuɗi.

Uwar Yara, Zariya

Alhaji, ni ban san doka ba, amma ina zaune kusa da rami, kuma ina roƙonka ka karanta wannan da natsuwa.

A bayan unguwarmu akwai ramin da aka ɗebi jar ƙasa shekarun baya. Waɗanda suka haƙa sun yi rani biyu suna aiki, wata safiya muka wayi gari babu katafila, babu tifa, babu wanda ya san inda za a same su. Sun bar gaɓar a tsaye kamar bangon ɗaki, zurfinta ya fi tsayin namiji biyu. Da rani wurin juji ne. Da damina ta kankama sai ya cika fal, ruwan ja wur, ba ka ganin ƙasansa, kuma a ido ba za ka bambanta inda yake iya gwiwa da inda zai shanye mutum ba. A cikin markar Agusta ta wata shekara ruwan ya ci ɗan maƙwabciyata, yaro ɗan shekara takwas da ya bi 'yan'uwansa wanka. Ina cikin matan da suka tsaya a bakin ramin har magariba ana nema, kuma abin da ba na mantawa shi ne takalmansa na roba da ya ajiye a jere a kan gaɓa, da kuma sawun yatsu a jikin laka inda yaran suke ƙoƙarin hawowa ƙasar tana zamewa. Da gaɓar nan tana da gangare, da wataƙila ya fito da ƙafarsa.

Mun saba da kududdufai a cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa suka gina gidaje da ganuwa, amma waɗannan da hannu aka yi su a hankali, kuma mutanen unguwa sun san bakinsu. Ramin katafila dabam ne. Har yau sauro daga nan yake tasowa, gaɓar kuma kowace damina tana ƙara cin hanyar da muke bi zuwa makarantar allo. Mai filin ya karɓi kuɗinsa ya cinye tuntuni, yanzu ba shi da gona, ba shi da halin cikewa. Saboda haka idan an ce akwai kuɗin da ake riƙewa har sai mutum ya gyara, ni ina goyon baya da zuciya ɗaya, kuma ina ganin bai kamata a sassauta wa ƙaramin rami ba, domin ƙananan ne suke kusa da gidajenmu.

Injiniyan Ma'adinai, Kaduna

Hajiya, Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Abin da kika kwatanta shi ne ainihin dalilin da ya sa ake karɓar kuɗin lamuni tun kafin a fara: lokacin da rami yake kawo kuɗi mai shi yana nan, lokacin da ramin yake bukatar kuɗin gyara kuwa mai shi ya tafi. Wanda ya bi ta Bukuru da Barikin Ladi ya ga tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa ya san cewa ramin da ba a tanadi kuɗin gyaransa ba yana iya fin mai shi tsawon rai. A Amurka dokar 1977 ta wajabta wa masu haƙar kwal su ajiye lamuni kafin a ba su izini, mafi ƙaranci dala 10,000, ramukan yashi da tsakuwa kuma dokokin jihohi ne ke kula da su. Ƙa'idar da suke bi tana da amfani a gare mu: ana lissafa kuɗin ne a kan abin da hukuma za ta kashe idan ta ɗauko wani ɗan kwangila ya yi gyaran, ana karɓarsa a matsayin tsabar kuɗi ko lamunin banki ko na kamfanin inshora, kuma ba a sakinsa sai an je an duba wurin.

Malam na Dakace yana da gaskiya cewa nauyin takardu ya yi wa ƙaramin mai haƙa yawa, kuma ina cikin masu ganin ya kamata a yi wa hekta ɗaya ko biyu tsari mai sauƙi da za a gama a Kaduna. Amma a sauƙaƙa takarda, kada a sauƙaƙa gyara.

Yanzu Alhaji, mu yi lissafin alkawarin da ka yi wa dattijo. Hekta ɗaya mita 100 ce sau 100. Idan ka haƙa zurfin mita 3, ka fitar da ƙasa kubik mita 30,000, wato lodi 3,000 na tifa mai ɗaukar kubik 10. Ka ga ke nan cike ramin ya koma daidai da yadda yake ba zai yiwu ba, sai dai ka haƙa wani ramin a gonar wani. Kada ka bar Baba da wannan fahimta. Abin da zai yiwu shi ne gona mai ɗan kwari wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, kuma ana iya nomanta.

Hanyar tana farawa daga ranar farko. Ƙasar sama, kamar santimita 30 na farko, ita ce mai rai, ko da wurin fako ne, kuma a hekta ɗaya ta kai kubik mita 3,000. Yawancin masu rami suna haɗa ta da burji su sayar, ko direban katafila ya tura ta ya binne, daga baya kuma babu kuɗin da zai dawo da ita. Ka sa a kankare ta a tara a gefe, tarin kada ya yi tsayi sosai, a shuka masa gamba ko wake domin kada ruwa ya wanke shi. Sannan kada ka buɗe hektar gaba ɗaya. Ka raba ta huɗu, ka gama kashi na farko, ka daidaita ƙasansa, ka farfasa inda tayoyin tifa suka danne, ka mayar da ƙasar sama da taki, sannan ka shiga na biyu. Amfanin wannan shi ne katafila tana wurin, ba sai ka sake biyan kuɗin ɗauko ta ba, kuma ko da jari ya karye a tsakiya, rubu'in hekta ne kawai zai zauna a buɗe.

Gaɓa kuma kada a bar ta a tsaye. Ka yi gangare na mita uku a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi, wato ramin mita 3 yana bukatar mita 9 a kowane gefe, kuma wannan ƙasar da za ka bari ba za ka sayar da ita ba, ka cire ta daga lissafin ribarka tun yanzu. Ka bar tazara tsakaninka da gonar maƙwabci da hanya, ka buɗe wa ruwa mafita ta gefen da ƙasa ta fi gangarawa, ka dasa jema a jikin gangaren domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Idan ka ga ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasan ramin da rani, ka tsaya a nan. Muddin ana aiki, a kewaye wurin, a sa mai gadi da damina.

Game da kuɗi, ban da abin da hukuma za ta yanke maka, ina ba ka shawara ku buɗe asusu a banki wanda ba a cire komai sai da sa hannunka da na mai gonar ko ɗansa, ka riƙa zuba wani abu a kan kowane lodi. A misali, naira 1,000 a lodi 3,000 naira miliyan 3 ce. Ka tambayi mai katafila kuɗin yini da na man dizal, ka ƙiyasta kwanakin da gyaran zai ci, ka raba a kan yawan lodi, ka ƙara wani abu saboda tashin farashi. Wannan asusu ba ya maye gurbin lasisi, kuma ba ya maye gurbin asusun gwamnati.

Mai Tifa Biyu, Sabon Gari

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na karanta saƙonki sau biyu, kuma na karanta wa direbobina shi da yamma a gareji. Na dakatar da katafilar da na yi niyyar kaiwa ranar Asabar. Jiya na koma wurin Baba da babban ɗansa, na auna musu mita tara da igiya daga bakin iyaka domin su ga inda gangaren zai tsaya, na kuma gaya masa gaskiya cewa gonar ba za ta dawo daidai da tsayinta na da ba. Ya yi shiru, sannan ya ce idan kwarin zai riƙe danshi ya yi shinkafa, ya yarda, amma a sake rubuta takardar a sa maganar ƙasar sama da ta asusun banki a ciki, dagaci ya sake sa hannu. Safiyo zai zo ranar Talata, kuma mutum uku daga cikin abokan sana'ata sun amince mu zauna a kan maganar ƙungiya.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. Idan aka duba aka tarar wani kamfani ya riga ya riƙe lasisi a kan wannan fili alhali bai taɓa zuwa ya yi aiki ba, akwai hanyar da zan bi in nemi yardarsa a rubuce, ko kuwa sai dai in haƙura in nemi wani wurin?